Kafin ka zaɓi manhajar da za ta rubuta maka fayil ɗin .h

Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, amma wadda ka ɗauka yau da ita za ka zauna shekara da shekaru. Don haka fara tambayar kanka: ina asalin tsarin bayananka yake? A rubutaccen bayani ne, ko a fayil ɗin .h da ka gada, wato fayil ɗin da ke bayyana tsarin bayanai a harshen kwamfuta na C ko C++?

In daga bayani za ka tashi, galibi Protocol Buffers ake nufa, wanda Google ya saki a 2008. Ka rubuta tsarin bayananka a fayil ɗin .proto, ka kira protoc, manhajar da ke fassara shi, ya fitar maka da .pb.h na C++. Sai dai shi kaɗai ba ya fitar da C zalla. Mai aiki da ƙananan na'urori masu ƙarancin ma'adana, nanopb ne nasa, domin yana bari ka ƙayyade iyakar tsawon kowane rubutu tun farko, ba sai na'ura ta riƙa neman wuri ana tsaka da aiki ba. FlatBuffers, shi ma na Google ne, ya fito a 2014. Ana karanta saƙonsa kai tsaye ba tare da an warware shi ba, amma haɗa saƙon akwai ɗan wuya. In ba gudu ne damuwarka ba, ban ga dalilin wahalar ba. Shi kuwa asn1c, sai in aikin ya zo da ASN.1, wata ƙa'idar bayyana tsarin bayanai, kamar takardun shaida na X.509 da ake amfani da su wajen tsaron intanet.

In kuma .h ɗin ne a hannunka, bindgen zai mayar da shi harshen Rust, cbindgen kuma ya yi akasin haka. Amma wanda nake so kowa ya riƙe shi ne pahole. Yana leƙa bayanan DWARF (bayanan neman kuskure) na manhajar da aka riga aka harhaɗa, ya nuna yadda kowane struct, wato rukunin bayanai a C, ya kwanta a ma'adana. Ka sa char ɗaya (bayit 1), int (bayit 4) ya biyo baya: kai kana lissafin bayit 5, a yawancin kwamfutoci 8 ne, uku gurbi ne da babu kowa.

Wannan gurbin shi ya sa ba na goyon bayan a kwashi struct yadda yake a tura ta intanet. Na'urar da za ta karɓa tana iya jera bayit ɗinta daban. Bayanan da za su bar kwamfutarka, rubuta musu .proto, ka sa protoc ko nanopb cikin Makefile, fayil ɗin umarnin harhaɗa manhajarka, kada kuma kowa ya gyara .h ɗin da ya fito da hannu, domin kira na gaba zai share gyaran.