Zaɓen murfin bayan sabuwar a-kori-kura: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Kafin a kai ga maganar irin murfin da za a saya, wajibi ne a san tsawon bodin motar, wato wurin ɗaukar kaya na baya, domin sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Ford F-150, alal misali, tana zuwa da bodi mai ƙafa 5.5, ko 6.5, ko 8, Toyota Tacoma kuma tana da mai ƙafa 5 da mai ƙafa 6. Ana yin awon ne daga ciki, ƙofar baya tana rufe, a ja tef daga bangon da ke jikin ɗakin direba har zuwa ƙofar. Shekarar ƙira ma tana da muhimmanci, tun da kamfanoni kan sauya fasalin bodi idan sun fito da sabon samfuri, kamar yadda aka yi wa Ford Ranger a 2022 da Tacoma a 2024, saboda haka murfin da ya zauna daram a kan tsohuwar ba lalle ne ya hau sabuwar ba.

Bayan awo, sai a dubi leɓen bodin da kyau. Yawancin murafe ana ɗaure su ne da ƙarafunan matsewa da ke kama ƙarƙashin leɓen, ba tare da an huda mota ba, kuma hakan ya fi, domin huji kan jawo tsatsa. Amma idan an shimfiɗa robar kariya wadda ta hau har saman leɓen, ƙarafunan ba za su sami wurin kamawa ba sai an yanke robar, alhali kariyar da ake feshinta ba ta kawo wannan cikas. Haka nan akwatunan ajiya na RamBox da ke gefen bodin motocin Ram, da layin ɗaure kaya na Utili-track a motocin Nissan, kowanne yana buƙatar murfi ko ƙarafunan da aka ƙera dominsa.

Murfi mai laushi da ake naɗewa kamar tabarma shi ne mafi sauƙin kuɗi da nauyi, kuma yana buɗe kusan dukkan bodin idan za a ɗauki dogon kaya. Rauninsa a fili yake: wuƙa ɗaya ta isa ta farke shi, rana kuma tana cin ledarsa sannu a hankali.

Mai tauri da ake ninkawa gida uku, wanda galibi da faifan alminiyum ake yin sa, shi ne a ganina ya fi dacewa da yawancin masu mota. Yana jure nauyi daidai gwargwado, kuma ba ya buɗuwa sai an sauke ƙofar baya. A nan akwai abin lura da masu saye kan manta da shi, wato tsaron murfin ya dogara kacokan ga makullin wannan ƙofa, don haka idan motar ba ta zo da shi ba, sai an saka. Sannan a tambayi yadda yake ninkuwa. Wasu suna tsayawa ne a kan kashi ɗaya cikin uku na bodin, wasu kuma suna miƙewa su jingina da ɗakin direba, su ba da fili sosai amma su tare gilashin baya, direba ya koma dogaro da madubin gefe.

Mai zamewa ya shige cikin akwati yana da kyan gani da daɗin aiki, kuma wasu ana iya kulle su a rabin hanya. Sai dai akwatin yana cin wuri a gaban bodin, abin da mai gajeren bodi zai ji a jikinsa, ga kuma yashi da ke cika layin zamewar idan ba a sharewa. Na faiba mai ɗagawa gaba ɗaya ya fi sauran hana ruwa, amma cire shi aikin mutum biyu ne, don haka bai dace da mai yawan ɗaukar firiji ko babur ba.

Game da ruwa kuwa, ko wane iri aka zaɓa, kada a yarda da alkawarin cewa ko ɗigo ba zai shiga ba. Ruwa da ƙura sun fi shigowa ta ratar da ke gefen ƙofar baya da ƙasanta, wadda murfi ba ya rufewa, kuma ana toshe ta ne da robar liƙi ta daban. Idan murfin ya zo da bututun zubar da ruwa, a tabbatar an zura su ta ramukan da kamfani ya bari a jikin bodin, a kuma sake matse ƙarafunan bayan makonnin farko, domin girgizar hanya tana sassauta su.