Masu janti da tayoyin okaziyo a Katako: kaya akwai, awo ne ya rage ga mai mota

Wanda ke neman jantin alminiyom na hannu a Yamai, da wuya ya zagaya rumfunan kasuwar Katako ya fita hannu rabbana. Kayan Turai da na Japan da ke shigowa ta Kwatano suna nan jibge, kuɗinsu bai kai na sabo ba, kuma yaran rumfa suna da saurin hannu wajen kwancewa da ɗaurawa. Inda aikin ke da rauni shi ne yawanci da ido ake awo. A kara janti a jikin mota, ramuka su yi kamar sun hau, sai ka ji "Alhaji, ai ya zauna." To, zama iri-iri ne.

Juya jantin ka karanta bayansa. Za ka ga rubutu irin 6.5Jx16 ET45: faɗi inci 6.5, girma inci 16, ET kuma shi ke nuna ko jantin zai nutse ciki ko ya turo waje. In ET ya yi ƙasa da na motarka sosai, taya za ta riƙa gugar bodi idan an yi lodi. In ya yi sama, ta taɓa abin birki ko amotisa. Jantin da aka yi bisa ƙa'idar Japan yana ɗauke da tambarin JWL, ko da yake masu jabu ma sun iya zuba shi, don haka a haɗa da duba lambar kamfanin motar da ke bayan ƙafafunsa.

Ramukan noti su ne babban tarko. Camry da RAV4 suna da 5x114.3, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Mercedes 5x112. Bambancin milimita 2.3 ne kacal, ido ba ya kama shi, notin ma zai ɗauru, amma a karkace, kuma a kan hanyar jar ƙasa mai gargada haka kusoshin ke karyewa ɗaya bayan ɗaya. Prado da yawancin Hilux 6x139.7 ne, Peugeot mai rami huɗu 4x108, tsofaffin Starlet da Corolla na masu taksi 4x100. Sai ramin tsakiya: na Camry milimita 60.1, na Mercedes 66.6. In ya fi na motar faɗi, a sa zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari zai yi ta rawa ko an yi ekilibraji, wato daidaita nauyin taya a inji, sau uku. Notin ma ba ɗaya ba ne. Jantin alminiyom na Toyota na asali yana son noti mai faffaɗan wasa, ba mai tsini na jantin ƙarfe ba, kuma ba kowace rumfa ce ke tuna maka wannan ba.

Jantin da ke ƙyalli da sabon fenti, a duba shi da kyau ta ciki. Walda a gindin ƙafa ko kusa da ramin noti, a bar shi. A nemi a ɗora shi a injin ekilibraji babu taya, a ga ko yana lilo.

Batun taya mai girma daban kuwa, nan ne ya kamata a yi tauri. Tsayin taya mai lamba 195/65 R15 a gefenta kusan milimita 635 ne, na 205/55 R16 kusan 632, don haka canza duka huɗun daga wannan zuwa wancan ba ya ɓata komai. Amma 205/65 R15 ta haura 647. In aka sa ta gefe ɗaya, 195/65 a ɗaya gefen, mota za ta riƙa ja, birki ba zai kama daidai ba, difaransiyel, mai raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, yana ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya, wani lokaci har fitilar ABS ta kunnu. Tayoyin gaba biyu su zama girma ɗaya, zane ɗaya, haka na baya. Ƙaramar mota mai ja da gaba za ta iya jure ɗan bambanci tsakanin gaba da baya, muddin bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Kat-kat mai ja da ƙafa huɗu kullum ba ta lamunta. Akwatin raba ƙarfi ne zai yi zafi ya ci kansa.

Abin da masu rumfa ba su cika nunawa ba shi ne shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya su ke nuna su: 2318 na nufin mako na 23, shekarar 2018. Taya mai zane zurfi amma ta haura shekara 6, ga tsatstsagewa a gefe, ba ta hanyar Doso da Ƙonni zuwa Tawa ba ce a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Mai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta kuwa ta sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltarmu tana cinye ta da wuri.

Bayan ɗaurawa, kada a yarda yaro ya hau makulli da ƙafa yana tsalle. Ƙananan Toyota suna son ƙarfin ɗaurin noti na 103 Nm a makulli mai awo, kuma a sake taɓa notin bayan kilomita 50 zuwa 100, domin alminiyom yakan ɗan saki.