Sabuwar mota da lambarta: yadda abin yake a Ingila da Jamus

Yaya, kun tambaye ni ko mutum yakan daɗe kafin ya samu lamba in ya sayi sabuwar mota a nan Ingila. Gaskiya ba a ma jiran lamba. Kamfanin da ya sayar maka shi ke yi wa motar rajista ta intanet a hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke garin Swansea, kafin ma ka zo ɗauka. Ranar da za a miƙa maka makulli za ka tarar an riga an ɗaura lambar, fara a gaba, ruwan ɗorawa a baya. Kuɗin rajistar farko fam 55 ne, kuma galibi suna cikin farashin motar tare da harajin hanya na shekarar farko. Naka kawai ka yanki inshora, don ba ta, ko ƙofar kamfanin ba za ka fita ba.

Abin da ake jira shi ne takardar shaidar rajista, wadda suke kira V5C. Ita ta gidan waya take zuwa, tana iya kaiwa mako shida, amma sau da yawa ba ta kaiwa haka. Kafin ta iso kana ta hawan motarka, ɗan sanda ba zai tsayar da kai ya ce ina takardu ba, domin da ya buga lambar a kwamfuta ya ga komai.

Lambar ita kanta tana tona shekarun mota. Tun 2001 tsarin shi ne haruffa biyu, alƙaluma biyu, sai haruffa uku. Harafin farko yanki ne, L na Landan, M na Manchester. Alƙaluman kuma suna canzawa sau biyu a shekara, Maris da Satumba: motar Maris 2025 tana ɗauke da 25, ta Satumba 75. Shi ya sa za ka ga mutum da kuɗinsa a hannu a watan Agusta, amma ya ƙi saya sai Satumba ta kama, don maƙwabta su san sabuwa ce fil. Ashe son a gani ba mu kaɗai ba ne.

A Jamus abin ya fi kama da namu na gida, tunda in dillali bai yi maka ba, kai za ka yi da kanka, ko dai ta intanet ko ka taka da ƙafarka zuwa ofishin rajista. Kana riƙe da katin shaida, takardun mota da wasu haruffa da alƙaluma bakwai da kamfanin inshora ya ba ka. Kusa da ofishin akwai shagunan buga lamba, kana tsaye a matse maka ita cikin 'yan mintuna, ka koma ciki a manna hatimi. Aikin na yini ɗaya ne. Wahalar tana wajen samun ranar da za a gan ka, musamman a manyan birane irin su Berlin, inda akan yi makonni ana jira. Bambancin da gida shi ne da wuya ka samu wanda za ka gani da ɗan wani abu ya tsallakar da kai layi.

Amurka kuwa kowace jiha da dokarta. A yawancinsu lambar takarda ake liƙa maka ta wucin gadi, ta ƙarfen ta biyo baya bayan makonni. Jihar Texas ta soke ta takardar a Yulin 2025 saboda masu buga ta jabu sun yi yawa, yanzu dillali ke ba da ta ƙarfe nan take.