Hajiya, sola za ki saya

Kin ce gurup (wato janareta) ko sola, don firijin ƙanƙara da zoɓo. Hajiya, sola. Duka biyun sun zauna a shagona, kuma sola kaɗai zan ce ki zuba kuɗinki a kai da zuciya ɗaya.

Kin tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mu nan Maradi da Damagaram ta layin Katsina wutarmu take shigowa, ta biyo Gazawa, don haka kowa ya ji a jikinsa. A lokacin na kafa pano, wato allon sola, a rufin shago. Da azumi ya zo cikin zafin bazara, tun la'asar yara ke jeruwa da kuloli a ƙofa, ƙanƙara ta daskare har sai an sa taɓarya, ga shago shiru, ba ƙara ba warin hayaƙi. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da ke aiko jikanyarta da gorar kunu in sanyaya mata kafin shan ruwa. Ba ta taɓa biya ba, ban taɓa tambaya ba, amma addu'ar da take aiko min da ita ta fi kuɗin ƙanƙarar.

Gurup kuwa, sayensa da sauƙi, kuma ba ruwansa da hadari ko hazo. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yau mai, gobe baƙin mai, jibi buji, ribar zoɓon duk ta tafi wajen mai gyara. Nawa yana nan cikin zaure an rufe shi da buhu. In ma ya zama dole, kada a tada shi cikin ɗaki ko kusa da taga, hayaƙinsa na kashe mutum yana barci.

Ki duba ma inda NIGELEC, hukumar wutar lantarki ta Nijar, kanta ta dosa. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 kuma ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki dab da tashar injinan da ke shan mai. Duk wutar da rana ta bayar, man da ba a ƙona ba ne, kuma hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana sakin iskar kabon sama da kilo 2. Ki lissafa litocin da gurup zai sha miki a wata.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, don nan ake cutar mutane. Wani zai manna takardar wat mai yawa a bayan ƙaramin pano. Wani zai wanke tsohon batir, ya shafa fenti, ya ce sabo ne fil. Wani batirin mota zai miƙa miki, alhali ba a yi shi don ya kwana yana jan firiji ba. Ki tafi da mai haɗa wuta da kika yarda da shi, ya auna panon a rana a gabanki, ki kuma karɓi rasit mai garanti a rubuce. Rantsuwar ɗan kasuwa ba ta gyara batir.

In kuɗi sun kai, ki ɗauki batirin litiyum, ya fi jure zafinmu da yawan caji. Inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ki tabbata ta fi ƙarfin firijin sosai, saboda lokacin tashi yake fizgar wuta. Batir a inuwa, inda iska ke shiga. Da hunturu ki sa yaro ya riƙa goge panon da sassafe, ƙura na rage masa ƙarfi ƙwarai.