Gwamnati, banki, NGO ko kasuwa: lissafin da ya kamata ka yi kafin ka karɓi aiki

Watan jiya ƙanina ya zo min da takardu biyu a hannu, ɗaya ta koyarwa a makarantar gwamnatin jiha ɗaya kuma ta wani banki, yana ta murna wai na bankin ya kusa ninka na koyarwar a albashi dan haka shi ya gama yanke shawara. Na ce masa zauna tukuna mu karanta. Muna karantawa sai ga shi ashe ba ma bankin ne ya ɗauke shi ba, wani kamfani ne da ke samo wa bankin ma'aikata, kwantiragin shekara biyu, babu maganar asibiti, babu maganar ƙarin girma. Abin ya tsaya min a rai sosai, saboda mutanenmu da yawa adadin da aka rubuta a saman takarda kawai suke kallo, alhali wannan adadin ba shi ne zai shigo maka a alat ba, kuma ba shi kaɗai ne abin da aikin ke biyanka ba.

Fara da cire-ciren da ake yi. A dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka, mai aikin kuma ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, duka su tafi asusunka na ritaya da ke hannun kamfanin fansho, hukumar PenCom ce ke sa ido. A ce kuɗin da ake lissafa fansho a kai dubu 200 ne, za a cire maka dubu 16, su ƙara dubu 20, kaga dubu 36 kenan duk wata, dubu 432 a shekara. To in wani ya ce zai ba ka dubu 230 a hannu ba fansho ba komai, wani kuma dubu 200 da fansho da katin asibiti, in ka ɗora dubu 20 da mai aiki ke zuba maka a fansho, bambancin gaskiya dubu 10 ne kacal tun kafin a zo maganar magani, kuma rana ɗaya da yaro zai kwanta a asibiti ta isa ta cinye wannan dubu goman na wata da watanni. Sai haraji, wanda a sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 dubu 800 na farko a shekara ba a taɓa su, sai kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF ga ma'aikatan gwamnati, sai kuɗin ƙungiya. Ka roƙi wani da ke matakin da za a ɗauke ka ya nuna maka takardar albashinsa ta wata, ita ce ba ta ƙarya.

Sannan kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama kamar wani haraji na daban. In zuwa da dawowa zai ci maka dubu 2 kullum, kwana 22 dubu 44 kenan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun Yulin 2024. Kano ta sa nata dubu 71, Legas dubu 85, amma wanda ya taɓa biyan haya a Legas ya san wannan ratar ta dubu 14 ba za ta kai shi ko'ina ba. Aikin da za ka taka da ƙafa daga gidanku wani lokacin ya fi wanda ya ɗara shi da dubu 50 a wani gari.

Aikin gwamnati dai kowa ya san albashin farko ba ya burge kowa. Mai digiri yana shiga a lebul 8, mai NCE lebul 7, kuma ka sani gwamnati ba abu ɗaya ba ce, wanda ke ma'aikata a kan tsarin albashi na CONPSS da likitan da ke kan CONMESS da nas da ke kan CONHESS da malamin jami'a da ke kan CONUASS duk sunansu ma'aikatan tarayya amma alat ɗinsu ba iri ɗaya ba ne ko kusa, balle ka zo kan hukumomin da ke tara kuɗin shiga masu tsarin albashinsu na kansu, su ne ake rububinsu. Abin da gwamnati ke sayar maka shi ne kwanciyar hankali da lokaci. Korarka sai da dalili da bin matakai, hutun shekara kwana 30 daga lebul 7 zuwa sama a tarayya, inshorar lafiya ta NHIA da ta ɗauki kai da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kana biyan kashi 10 na kuɗin magani. Nan fa mai mata biyu ko mai 'ya'ya bakwai ya lura, sauran sai an yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. A jiha kuma sai ka duba jihar da kanta, a Kano akwai hukumar inshorar lafiya ta KSCHMA, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda za ka yi wa tsofaffin da suka yi ritaya a jihar: shekara nawa kuka jira garatuti? Amsarsu ta fi duk abin da ke cikin takarda.

Yanzu ga inda shekaru suke shigowa, kuma nan ne nake so a tsaya a yi lissafi da biro. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya shiga yana 25 shi ne ya ci moriyar tsarin gaba ɗaya. Daga lebul 7 zuwa 14 ana ƙarin girma duk shekara uku, daga 15 zuwa sama duk shekara huɗu, kuma babu lebul 11, daga 10 sai 12. In ka ƙirga, daga lebul 8 zuwa 15 shekara 18 ce, zuwa 17 wato darakta shekara 26, wannan ma in ka ci kowace jarabawa kuma akwai gurbi, wanda ba kullum ake samu ba. To ɗan 25 yana da sarari har da ragowa. Amma yayanmu mai shekara 40 da yake ta fafutukar a sa shi a lebul 8, shekara 20 kawai gare shi, iyakarsa lebul 15 in komai ya tafi daidai, kuma shekarun da yaransa suke sakandare da jami'a, lokacin da kuɗi ya fi fita, shi yana kan ƙaramin albashi. Tsarin fanshon yanzu kuma abin da ka tara shi za ka ci, ba wai kason albashinka na ƙarshe ba kamar na iyayenmu, dan haka tarin shekara 20 a ƙaramin lebul ba zai riƙe gida ba. Ni dai in mutum ya haura 38 kuma yana da sana'ar da ke kawo masa wani abu, ba na ba shi shawarar ya rufe shago dan lebul 8, sai dai in za a ɗauke shi a babban mataki saboda gogewarsa. Koyarwa ce ta ɗan bambanta, dokar 2022 ta kai ritayar malaman makaranta shekara 65 ko 40 a aiki, sai dai ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita ba, a tambaya. Malaman jami'a 65, farfesa 70.

Banki da manyan kamfanoni su kuma akasin haka ne, ƙofarsu ta yara ce. Yawancin tallan ɗaukar sabbin masu digiri a bankuna za ka ga an sa kar ka wuce 26 ko 27, wanda yajin aikin jami'a ya cinye masa shekaru ya san zafin wannan. In ka samu shiga a matsayin cikakken ma'aikaci, kuɗin ya fi, inshorar lafiyar galibi ta fi kyau, akwai bonas, kuma abin da za ka koya a shekara uku wani ba zai koye shi a shekara goma a ofishin da ba a ba shi aikin yi ba. Kuɗinsa shi ne lokacinka da natsuwarka, fita da sassafe dawowa bayan isha'i, ga taget na kawo kwastoma, ga sallama da takarda ɗaya. Ɗan 24 mara iyali zai iya ɗaukar wannan ya tara jari, mai 45 da 'ya'ya shida in aka sallame shi komawa kasuwar neman aiki ba wasa ba ne. Abin da doka ta tanada a nan shi ne in ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba za ka iya cire kashi 25 na asusun fanshonka, sauran sai ka kai 50. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta wa mai aiki ya yi maka, aƙalla ninki uku na albashin shekara ga magada, mutane ba sa tambayarta saboda ba a son zancen mutuwa amma haƙƙin iyalinka ne. Kuma dan Allah duk inda kake aiki ka riƙa duba saƙon kamfanin fanshonka, akwai wuraren da suke cirewa a albashi ba sa turawa.

Ga 'yan'uwa mata akwai lissafin da ya sha gaban duk wannan. Gwamnatin tarayya tana ba da hutun haihuwa sati 16 da cikakken albashi, Kaduna ta kai nata wata shida, amma dokar ƙwadago abin da ta ɗora wa kamfani sati 12 ne da aƙalla rabin albashi, ƙananan makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi kuma wasu ko wannan ba sa cikawa. Wadda take shekarun haihuwa ta sa wannan a sikeli tun kafin ta sa hannu, kar ta ji kunyar tambaya.

NGO kuma albashinsu na iya ninka na gwamnati, ga alawus na fita aiki, shi yasa Maiduguri da Damaturu da Yola suka cika da matasa masu neman shiga. Amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, rayuwarsa na rataye da mai ba da tallafi, kuma mun ga abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta ba da tallafi, USAID, mutane suka wayi gari ba aiki. Wanda zai shiga ya shiga da niyyar tarawa, fili ko jari ko karatu, kar ya ɗaga rayuwarsa ta kai tsayin albashin. Barin aikin gwamnati na dindindin dan kwantiragin shekara ɗaya kuwa, in kana da iyali, ni ban goyi baya ba, gara ka nemi hutu ba albashi in za a ba ka.

Kasuwa da sana'ar hannu ba su da lebul ba su da ranar ritaya, tela ko mai gyaran waya ko mai shago a Kantin Kwari zai iya samun abin da darakta bai samu ba, sai dai ranar da bai fita ba babu ko sisi, asibitinsa a aljihunsa, tsufansa a kan 'ya'yansa. Tun 2019 PenCom ta buɗe fansho na masu zaman kansu da kake zuba abin da ya sawwaƙa, kuma ga masu gudun kuɗin ruwa, wanda shi ne ya hana da yawanmu shiga, akwai asusu na shida da aka ware wanda ba a juya shi a harkar kuɗin ruwa, ma'aikaci zai iya cewa a mayar da kuɗinsa can.

Shi ƙanin nawa shekararsa 26, bai yi aure ba, yana gidanmu, makarantar da aka tura shi kuma keke napep ɗaya ce daga unguwa ana tashi kafin la'asar. Da muka cire kuɗin mota da abincin rana daga na bankin muka ɗora fansho da asibiti a kan na koyarwar sai ratar ta ragu sosai, ga shi yana da gyaran sola da yake yi da yamma wanda aikin bankin zai kashe shi gaba ɗaya. Na ce masa da cikakken ma'aikaci bankin ya ɗauke shi da ni da kaina zan ce ya tafi ya yi shekara biyar ya tara, amma a kan wannan kwantiragin ban yarda ba. Ya kai takardunsa hukumar ilimi ranar Litinin, yanzu yana jiran a tantance shi a sa sunansa a jerin masu albashi.