Kasuwar Kirsimeti da yara: Nuremberg ko Kolon? Ni dai Nuremberg zan ce

Maman 'yan biyu, tsakanin garuruwan Jamus biyun nan da kika tambaya wanne ya fi don kai yara kasuwar Kirsimeti, ki ɗauki Nuremberg kawai ki huta, Kolon ɗin ki bar shi sai ranar da za ku fita ke da oga babu keken yara babu mai cewa mama fitsari.

Abin da ya sa na ce haka, su Nuremberg sun ware wa yara tasu kasuwar daban. Babbar kasuwar, Christkindlesmarkt, tana filin Hauptmarkt gaban cocin Frauenkirche, rumfunan katako masu rufin zane ja da fari wajen 180, amma taku kaɗan ta bayan cocin akwai wani fili Hans-Sachs-Platz, nan ne ta yaran take, Kinderweihnacht, tun 1999 ake yinta. Akwai lilon dawakan katako mai hawa biyu irin na da, akwai ɗan jirgin ƙasa da yake zagayawa da su, sannan akwai rumfunan da yaro zai shiga ya yi abu da hannunsa. Autata rumfar gashin biskit ta shiga, aka ɗaura mata ɗan ƙyalle a ƙirji aka ba ta kwaɓaɓɓiyar fulawa da abin yanka mai siffar tauraro, yarinyar da tun a jirgi take ƙorafin sanyi sai ga ta ta cire safar hannu da kanta, fulawa har gira, ta fito da biskit ɗinta a takarda ɗaya ya ɗan ƙone ta gefe amma ta hana kowa taɓawa wai na babanta ne. Ni kuma ina tsaye ina ganinta ba wanda yake bangaje ni, wallahi wannan kaɗai ya biya ni kuɗin jirgi.

Garin kansa kuma ya ishi yaro kallo ba sai kin biya ko sisi ba. Ki yi ƙoƙari sha biyun rana ta same ku gaban cocin, agogon da ke sama yana buɗewa 'yan mutum-mutumi bakwai su fito su zagaye sarki Karl na huɗu, duk filin sai ya ɗaga kai. A kusurwar filin ga tsohon maɓuɓɓugar ruwa mai ado, Schöner Brunnen, da zoben da ke jikin shingensa, yara na layi suna murzawa. In ƙafarku da sauran ƙarfi ku hau fadar Kaiserburg ku hango garin daga sama, sai dai tudu ne kuma hanyar duwatsu ce, keken tagwaye zai gaya miki. In sanyi ya yi yawa ku faɗa gidan tarihin kayan wasan yara, Spielzeugmuseum, yana nan kusa cikin tsohon gari. Kasuwar ta tsufa sosai, akwai wani ɗan akwati mai rubutun 1628 da yake ambatonta, duk da yawancin tsohon garin sake gina shi aka yi bayan ruwan bama-baman 1945.

Ranar buɗewa kam kar ki je. Juma'ar da ke zuwa kafin Lahadin farko ta Advent ce, wato makonnin jiran Kirsimeti, yawanci ƙarshen Nuwamba ke nan, da yamma yarinyar da suke kira Christkind take fitowa saman cocin da rigar zinari da kambi ta yi jawabi, duk shekara biyu suke zaɓar sabuwa cikin 'yan matan garin. Yana da kyau a talabijin, a filin kuwa ƙeyar mutane kawai yaranki za su gani. Wasu ranakun mako da rana takan leƙo kasuwar yaran, a nan za su gan ta kusa.

Kolon toh, ba zan ce ba kyau ba. Kina fitowa daga tashar jirgi ga katafaren cocin nan Dom a kanki, mita 157, an fara shi 1248 ba a gama ba sai 1880, kuma akwai filin zamiya kan ƙanƙara a Heumarkt da gidan tarihin cakulan a bakin kogin Rhine. Amma sauƙin zuwan nan shi ne matsalar, kowa ya sauka daga jirgi nan yake faɗawa, ga motocin 'yan yawon buɗe ido daga Holan da Beljiyam, ranar Asabar da yamma kamar Kantin Kwari ana jibi Sallah. Kasuwannin kuma a warwatse suke, wannan a Dom wannan a Neumarkt wannan a Rudolfplatz, yini za ki yi kina tura keke. Wainar dankalinsu Reibekuchen dai na yarda tana da daɗi.

Maganar ci, in kuna kiyaye alade da giya ki buɗe ido a duka biyun. 'Yan tsiran nan uku cikin burodi da kowa yake riƙe da su a Nuremberg naman alade ne, Glühwein kuma giya ce mai zafi, wanda za ki ce a ba ku shi ne Kinderpunsch, kuma ki ƙara da ohne Alkohol, wato ba barasa, da bakinki. Soyayyen almon mai suga ba matsala, biskit ɗinsu mai laushi da kayan ƙamshi, Lebkuchen, ma yawanci, amma ki duba bayan kwali don wasu kayan zaƙin ana sa musu barasa. Abinci mai nauyi ku ci a shagunan Turkawa da ke hanyar tasha kafin ku shiga. Kofin da za a ba ki akwai kuɗin ajiya a kansa, Pfand, ki mayar a ba ki kuɗinki, in an haɗa miki da ɗan kwabon roba kar ki yar.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ba duk mai cewa aikin hannu ne yake faɗin gaskiya ba. Musamman shagunan tsaraba na gefen hanya, za a ɗauko miki ɗan mutum-mutumin katako na kamfani a ce sassaƙar hannu ta yankin Erzgebirge ce a tsuga kuɗi, na gasken yana da tambarin mahayi kan dokin katako, ki juya ƙasansa ki duba. Gwangwanin Lebkuchen ma haka, gwangwani ƙato mai zane abin ciki ɗan mitsitsi, ki karanta nauyin, in kina son mai kyau ki nemi wanda aka rubuta Elisen, shi ne mai yawan almon da ƙarancin fulawa. Masu saida alawa da awo kuma farashin da kika gani na giram 100 ne, ki tsayar da hannunsa da wuri. Wanda ya tare ki da takarda wai ki sa hannu don taimako, ki riƙe jakarki ki wuce.

Ku je Talata ko Laraba, ku isa da hantsi, don wajen huɗu da rabi duhu ya yi kuma daga nan 'yan tashi daga aiki suke cika wurin. Ki sa wa yaran safa biyu da takalmi mai kaurin ƙasa, sanyin ta ƙafa yake hawowa, ki kuma riƙe tsabar kuɗi don ba kowace rumfa ke karɓar kati ba. Ranar 24 ga Disamba da rana babbar kasuwar take rufewa, saboda haka ki yanki tikitin jirgin ƙasa mai sauri na ICE tun yanzu kafin ya yi tsada, 'yan ƙasa da shekara 6 ba sa biya.