Ɗan Wasan Da Ya Cancanci Lamba: Abin Dubawa Kafin Zaɓen Sababbin 'Yan Wasa Na NFL

A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ake yi da hular kwano, sukan shafe kwana uku suna rarraba wa kansu matasan da suka fito daga jami'o'i. Wanda ya saba da ƙwallon Turai, inda mai kuɗi yake zuwa ya ɗauke wanda ransa ke so, zai tarar da wata kasuwa dabam a nan, domin abin da ake ciniki da shi lamba ce. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, wadda ta ɗauki kofin Super Bowl kuma ita ce ta 32, a haka ake zagayawa sau bakwai har a kwashi matasa fiye da 250. Lambar nan ana iya kashe ta a kan yaro guda, ana iya sayar da ita a karɓi wasu lambobi, ana iya haɗa ta da na shekaru masu zuwa a hau sama. Mai goyon bayan ƙungiya da ke son ya san ko shugabanninsa sun yi ciniki mai kyau, dole ya koyi auna yaron tare da abin da aka biya a kansa.

Farashin yana da fuska biyu, lamba da albashi, kuma ta biyun ta canza gaba ɗaya a 2011. Kafin wannan shekara, yaron da bai taɓa buga ko wasa ɗaya ba yana iya karɓar abin da ya fi na tsofaffin zakaru: a 2010 St. Louis Rams ta ba Sam Bradford kwantiragin dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 daga ciki tabbas ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Da aka yi sabuwar yarjejeniya tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, aka ƙayyade albashin sababbi gwargwadon lambarsu, sai Cam Newton, wanda aka fara ɗauka a 2011, ya samu miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan kowane sabon yaro yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu mai sauƙin kuɗi, kuma idan ɗan zagayen farko ne ƙungiya tana da ikon ƙara masa shekara ta biyar. Tun da gasar tana da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, ribar zaɓe ita ce a samu aikin mai tsada a farashin mai araha na tsawon waɗannan shekaru.

Wannan lissafi shi ya sa hankalin kowa yake fara karkata ga kwatabak, madugun da yake karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya yanke shawarar inda zai jefa ta. Manyan masu wannan matsayi suna karɓar fiye da dala miliyan 50 a shekara, alhali Caleb Williams, wanda Chicago Bears ta fara ɗauka a 2024, kwantiraginsa na shekara huɗu duka bai wuce miliyan 40 ba. Idan yaron ya dace, ƙungiya ta sami rarar da za ta sayi masu tsaro da masu kai hari ta kewaye shi da su. Matsalar ita ce babu matsayin da ya fi wannan wuyar hasashe. A 1998 masana sun rabu biyu tsakanin Peyton Manning na jami'ar Tennessee da Ryan Leaf na Washington State. Indianapolis ta ɗauki Manning ya zama ɗaya daga cikin fitattun da aka taɓa yi, San Diego ta ɗauki Leaf a lamba ta biyu, bayan shekara uku ta sallame shi. A 2018 an ɗauki kwatabak biyar a zagayen farko, kuma biyun da aka fi kushewa su suka fi tashe: Josh Allen na Wyoming, wanda jifansa a jami'a kashi 56 cikin ɗari kawai ke isa hannun abokan wasansa, da Lamar Jackson, wanda aka bari har lamba ta 32 wasu ma suna cewa ya sauya matsayi, daga baya ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023. Josh Rosen kuwa, da ake cewa ya fi su shiri, shekara ɗaya ya yi a Arizona aka rabu da shi.

Abin da nake ba wa muhimmanci a kwatabak ya wuce ƙarfin hannu. Na farko yawan wasannin da ya fara a jami'a, na biyu abin da yake yi idan katangar da ke gabansa, wato 'yan wasa biyar da ke kare shi, ta fashe, ko idan wanda ya yi niyyar jefa wa an rufe shi. San Francisco 49ers ta koyi wannan da tsada. A 2021 ta ba da lambarta ta zagayen farko ta shekara uku a jere, da ƙarin wata ta zagaye na uku, domin ta hau lamba ta uku ta ɗauki Trey Lance na North Dakota State, yaro mai jiki da gudu da hannu amma wanda wasa 17 kaɗai ya fara a jami'a, su ma a rukunin da bai kai na manyan makarantu ba. Wasa huɗu ya fara mata, rauni ya shiga tsakani, a 2023 ta miƙa shi ga Dallas a kan lambar zagaye na huɗu. Wanda ya gaje shi a San Francisco, Brock Purdy na Iowa State, shi ne na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, amma ya zo da gogewar wasa fiye da 40, ya kuma kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024. Ba na cewa hawa sama don kwatabak kuskure ne a kullum, domin Kansas City ta yi haka a 2017, ta tashi daga 27 zuwa 10 ta ɗauki Patrick Mahomes, ya kuma ci mata kofi uku. Sai dai Mahomes ya yi jifa ba adadi a Texas Tech kafin ya zo, ya tarar da koci Andy Reid, aka kuma zaunar da shi kusan shekara guda yana koyo a bayan Alex Smith. Gidan da yaro zai faɗa yana cikin abin da ake aunawa.

Nau'i na biyu da ke ruɗar 'yan kallo shi ne gwarzon gwaji. Kowace shekara, wajen ƙarshen Fabrairu, ana tara matasa fiye da 300 a birnin Indianapolis a taron da ake kira Combine, a auna tsawonsu da nauyinsu, su yi gudun yadi 40, su ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 iya adadin da za su iya, su yi tsalle. Da yake sakamakon alƙaluma ne masu sauƙin kwatantawa, kuma ana nunawa a talabijin, sai ya danne komai a bakin mutane. John Ross ya yi gudun nan a daƙiƙa 4.22 a 2017, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa yi, Cincinnati ta ɗauke shi a lamba ta tara, lamba ɗaya tak kafin Mahomes, amma ya gama kakarsa ta farko bai cafke ƙwallo ko ɗaya ba. Tun 1995 aka ga irin wannan, lokacin da Mike Mamula ya horar da kansa musamman don gwaje-gwajen, Philadelphia ta hau lamba ta bakwai dominsa, Tampa Bay da ta karɓi lambobin ta fito daga wannan zaɓe da Warren Sapp da Derrick Brooks, waɗanda duka biyu suka shiga zauren karrama fitattun gasar. Ta ɗaya ɓangaren, Orlando Brown, mai tsaron gefen katanga, ya yi mummunan gwaji a 2018, sau 14 kawai ya iya ɗaga ƙarfen, ya gangara zagaye na uku, alhali bidiyon wasanninsa a Oklahoma ya nuna da wuya a wuce shi. Baltimore ta tsince shi, ya yi ta shiga jerin zaɓaɓɓun gasar. Amfanin gwajin shi ne tantance abin da ido ya riga ya gani a fili. Idan alƙaluman suka saɓa da bidiyon wasa goma sha biyu, a koma a sake kallon bidiyon, kuma a mafi yawan lokaci shi za a bi.

Akwai nau'in da ya yi kama da wannan amma ba ɗaya suke ba, wato yaron da ya shigo wasan a makare, jikinsa ya isa amma iliminsa na wasan bai nuna ba. A nan ne 'yan Afirka ta Yamma suke yawan fitowa. Christian Okoye, haifaffen Enugu, jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific, bai fara wannan wasa ba sai da ya haura shekara 20, Kansas City ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987, bayan shekara biyu ya fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a gasar. Ezekiel Ansah ya taso a Accra, ya je jami'ar Brigham Young yana son ƙwallon kwando, bai sa hular kwano ba sai 2010, amma a 2013 Detroit ta ɗauke shi a lamba ta biyar. Ya yi kaka mai kyau ƙwarai a 2015, sannan raunuka suka rage masa kaifi. Jordan Mailata, ɗan wasan rugby daga Ostareliya da bai taɓa buga wasan ba sam, Philadelphia ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, ta yi haƙuri da shi shekara biyu, ya zama ginshiƙin katangarta. Tsakanin waɗannan uku, cinikin Mailata ya fi hikima, domin irin wannan yaro cinikin biri a sama ne, kuma abin da ya dace a biya a kansa shi ne lambar da ko ta salwanta ba za a ji zafi ba. Idan za a kashe masa babbar lamba, to ya zama a matsayin da aikinsa bai da sarƙaƙiya, kamar mai farautar kwatabak, inda tsawo da saurin tashi suke yin rabin aikin.

Batun matsayi kuwa mutane ba sa son jin sa, saboda wanda ya fi ƙayatarwa a kallo shi ne mai gudu da ƙwallo. Saquon Barkley ya fito daga Penn State babu mai shakkar gwanintarsa, New York Giants ta ɗauke shi a lamba ta biyu a 2018, amma a shekara shida da ya yi mata sau ɗaya ta shiga wasannin neman kofi. Da ya koma Philadelphia a 2024, inda katangar gaba take da ƙarfi, ya yi gudun yadi 2,005 a kaka guda, suka ɗauki kofi. Gwanintarsa ba ta sauya ba, mutane biyar da ke buɗe masa hanya su suka sauya. Masu gudu da ƙwallo suna shan duka fiye da kowa, shekarunsu na ganiya kaɗan ne, ana samun masu kyau a zagaye na uku da na huɗu, kuma albashin tsofaffinsu a kasuwa bai kai rabin na manyan masu farautar kwatabak ba, saboda haka rarar da sabon kwantiragi ke kawowa ƙarama ce. Ƙungiyar da take ƙasa kuma ba ta ga kwatabak ɗin da ta amince da shi ba, ya fi mata ta ɗauki mai tsaron gefen katanga, ko mai farauta, ko mai rufe masu cafkar ƙwallo, ko da sunansa ba zai sayar da riga ba.

Zaɓin da na fi ganin ana raina shi, ni kuma na fi yarda da shi, shi ne sayar da lambar a sauka ƙasa. Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi suke amfani da jadawalin da ya fito daga Dallas a zamanin koci Jimmy Johnson, wanda ya ba lamba ta ɗaya maki 3,000, ta 16 maki 1,000. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun bi sakamakon zaɓe na shekaru da dama, suka nuna cewa ƙungiyoyi suna yin tsadar lambobin sama fiye da ƙima, domin sun fi amincewa da hasashensu fiye da yadda tarihi ya ba su dama. A 1999 New Orleans ta ba Washington dukkan lambobinta na shekarar da wasu biyu na shekara mai zuwa domin Ricky Williams shi kaɗai, sai New Orleans ta ƙare kakar da nasara uku. A 2023 Chicago ta sayar wa Carolina lamba ta ɗaya, ta karɓi mai cafkar ƙwallo D.J. Moore da lambobi huɗu. Carolina ta ɗauki Bryce Young ta gama da nasara biyu kacal, sai lambar da ta bayar ta zama ta ɗaya a 2024, wadda da ita Chicago ta ɗauki Caleb Williams. Sharaɗin wannan hanya shi ne a sami mai saye da ya matsu, kuma hakan yakan faru ne a shekarar da ake rububin kwatabak.

Saura abin da mai kallo daga gida zai iya yi da kansa. Gajeren bidiyon da ke tattara kyawawan wasanni kaɗai talla ne, kowane yaro yana da irinsa. Abin nema shi ne cikakken wasa biyu ko uku, musamman waɗanda ya kara da manyan makarantun rukunin SEC ko Big Ten, da wasan da ƙungiyarsa ta sha kashi, a ga ko ya ci gaba da ƙoƙari bayan an yi musu nisa. Ga ɗan ƙaramar makaranta, atisayen makon Senior Bowl, wasan da ake tara fitattun 'yan jami'a kafin zaɓe, a garin Mobile na jihar Alabama yana da daraja, domin a can yake fuskantar sa'o'insa ɗaya da ɗaya. A duba shekarun haihuwa kuma: tun da aka halatta wa 'yan jami'a karɓar kuɗin talla a 2021, da yawa suna daɗewa a makaranta, kuma mai shekara 24 da ke rinjayar yara 'yan 19 bai nuna abin da mai shekara 20 ya nuna ba idan ya yi daidai wannan aiki. Akwai abu biyu da ƙungiyoyi ke riƙe da su a ɓoye, rahoton likita da hirar da suke yi da yaro a ɗaki. Idan wanda kowa ya sa a goman farko ya yi ta gangarowa har ƙungiyoyi ashirin suka tsallake shi, yawanci dalilin yana cikin ɗayan biyun nan. Jaylon Smith na Notre Dame ana ganin zai shiga sahun farko kafin gwiwarsa ta lalace a wasansa na ƙarshe a Janairun 2016. Dallas, wadda likitanta ne ya yi masa aikin, ta ɗauke shi a lamba ta 34, ta jira shi shekara guda cur kafin ya taka fili.